Launin Mayafin Kaka

Abin da na fara gani ranar da na shiga ɗakin zane a sabuwar makarantarmu ta unguwar Utaibiyya a Makka shi ne wani hoto a bango. Ba mutum a cikinsa, ba gida, ba bishiya. Da'ira baƙa, layuka suna tsere, da rawaya mai tsini tana sukar shuɗi. Abla, malamar zane, ta ce wani Bature ne ya zana shi fiye da shekara ɗari da ta wuce, kuma motsi yake so a gani, ba kamanni ba.

A lokacin Kaka ba ta daɗe da rasuwa ba, gidanmu na unguwar Nakkasa kuma an rushe shi. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da ka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce, "Ka ɗauki bango." A kabarin Makka ba a rubuta suna. Fuskarta ce kawai ta rage mini, ita ma ta fara gudu na. In na rufe ido sai in ga goshi, hanci ya ƙi zuwa.

Fuska ba a zana ta a ajinmu. Wadda ta zana mutum, Abla kan ja layi a wuyansa don kada ya zama mai rai. Ban iya bari a yi wa Kaka haka ba.

Sai na bi hanyar Baturen. Na ja matakalar da ake hawa zuwa gidanmu na Nakkasa da layuka masu karyewa. Na sa kore mai duhu yana gangarowa a karkace, domin Kaka takan jingina da bango ta fara sauke ƙafar hagu. Ɗigo ja shi ne lallen tafinta.

"Masha Allah," in ji Abla. "Ruwan sama ne?"

Na gyaɗa kai. Ban iya musu da manya.

A gida na tarar da Umma tana tsince shinkafa. Na ajiye takardar a gefen tire.

"Wannan fa? Fenti ne ya zube miki?"

"Kaka ce, Umma. Tana saukowa. Ga mayafinta."

Ta daɗe tana kallo.

"Ya binti, 'yata, mayafin Inna ai ruwan toka ne. Koren na maƙwabciyarmu ne mai sayar da fura."

Na sake duban koren. Ashe launin ma na rasa. Wata mata na zana, wadda ba ta taɓa goya ni ba. Na duba layukan da ke karkacewa, su ma na daina yarda da su.

Umma ta koma kan shinkafarta. Na tsaya ina murza bakin takardar har ta yi laushi.

"Umma," na ce, "don Allah ki tashi ki yi mini tafiyar Kaka. Daga nan zuwa ƙofa kawai."