Ƙofar da Ba a Shiga a Tsaye

A ƙauyenmu, kusa da Birnin Lalle, akwai wani tsohon soro na ƙasa da kakanninmu suka gina zamanin hare-hare. Kaurin bangonsa, raƙumi sai ya yi birgima a kai bai faɗo ba. Amma ƙofar, ko akuya sai ta sunkuya. Da gangan aka yi ta haka: mahari ya fara miƙo ƙeya, mai gora na tsaye a ciki yana jira.

Shekarar da mutanen porje, masu aikin raya karkara, suka zo gyara shi don baƙi masu kallo, ina cikin masu kwaɓa ƙasa. Muka yi yaɓe, muka sauya azara. Sai maginin da aka ɗauko daga Maradi ya ce a sare ƙofar a ɗaga ta, wai baƙi ba su son rarrafe.

Mai tsaron soron ƙanen kakana ne, tsoho siriri kamar tsinken tsire. Ya ɗauki gorarsa ya shige.

"Mai son sare ta, ya shigo ya auna ta tukuna," in ji shi daga ciki.

Magini ya zura kai da diga a hannu. Ƙau! Na rantse an ji ƙarar a Ɗan Gulbi. Muka jawo shi ta ƙafa, jini ya wanke masa kunne, yana tambayar mu sunan garin. Wani ɗan kokawarmu ya yi dabara ya shiga da baya. Wata guda yana cin tuwo a tsaye.

Sai jama'a suka ce, "A tura jikansa. Abokin wasansa ne, ba ya taɓa shi."

Na durƙusa bakin ƙofa. "Tsoho, ni ne, magajin matarka. Aje sandar nan kafin ta kada ka."

"Shigo, angon banza, na yi maka shimfiɗa."

Na shiga, tumbina ya maƙale. Kai a ciki, sauran a waje. Gora ta farko ta tsage mini ƙeya, ta biyu ta zubar da haƙora biyu, ta uku na ga kakanninmu duka a jere suna dariya. Ya damƙi kunnena ya ce:

"Nan kakana ya tsaya ya tare mahara. In kun ɗaga ta, mi za ku nuna ma baƙin? Rumbun hatsi?"

Maigari ya hana a kira jandarma. Ya ci tsoho tarar rago, aka yanka wa masu rauni, ni romo kawai na iya sha. Magini, da rawanin bandeji, ya leƙa ƙofar daga nesa ya ce lallai ginin kakanni ba a taɓa shi.

Ran buɗewa, babban baƙo ya tattare rigarsa ya shiga da gwiwa da hannu. Tsoho na tsaye daga ciki, mu uku muna riƙe da gorar kada ya ɗaga ta.