Takabar da Na Jawo wa Hajo

Cikin duk ranakun da na yi a sana'ar rubutu, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da aka gurfanar da ni gaban alƙali a Goronyo, ina ɗan shekara goma sha takwas, aka tambaye ni inda na ga gawar mutumin da na rubuta cewa ya mutu. Ku da kuka tarar da ni a gidan talabijin da furfura, ina gyara muku rubutun wasa, ba ku san inda na faro ba. Bari in gaya muku.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ina makarantar kwana a Sakkwato, gidanmu kuwa yana Wurno. Ni ba mai magana ba ne. In aka kira sunana a aji sai in ji harshena ya yi nauyi, amma rubutuna yana da tsabta, kuma ba na barin kuskure. Saboda haka duk hutu ake tura ni wurin Malam Ladan in taya shi aiki. Shi ne oganeza, wato jami'in da ke zagaya azuzuwan karatun manya na Wurno da Rabah da Goronyo a kan keke.

Lokacin talabijin bai zo ba. Abin da muke da shi shi ne labari mai hoto: babbar takarda guda, an raba ta gida goma sha biyu, kowane gida da hoto, a ƙarƙashinsa layi biyu na boko da na ajami. Mai rubutu shi ke fara tsara labarin, ya faɗi abin da za a gani a kowane gida. Oganeza ya duba, Baturen ilimin manya ya sa hannu, sannan mai hoto ya zo daga Sakkwato a nemi mutanen gari su tsaya a ɗauke su. Daga nan a aika Zariya a buga. Kafin takarda ta dawo sai an yi wata bakwai ko takwas.

A wannan shekarar aka ce ana son labari a kan lambar agana, wato rigakafin cutar, domin mutane suna gudu daji in sun ji masu lamba sun shigo gari. Malam Ladan ya ce in gwada. Shi ne labarina na farko. Na ƙaga wani mai fito, mai ƙetarar da mutane a jirgin ruwa, na sa masa suna Tanko, wanda ya ƙetare kogi ya ɓuya ranar lamba. A gida na tara agana ta kama shi, a gida na goma sha ɗaya ya mutu, a na ƙarshe 'yan garinsu suka yi layi ana yi musu lamba. Bature ya karanta ya ce ya yi. Kwana uku ina jin kaina a sama, ko da yake ban gaya wa kowa ba.

Wanda aka samu ya fito a matsayin Tanko shi ne Ummaru mai fito, a wani ƙauye da ke bakin Rima kusa da Goronyo. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, ga raha. In yana tuƙa jirgi ba ya yin shiru, sai ya tsokani kowa tun daga wannan gaɓa har waccan. Da kaka ne, ruwa bai ja baya ba tukuna. Muna bakin kogi mai hoto yana kafa na'urarsa, sai Ummaru ya leƙo littafina, ya ce in karanta masa. Na karanta masa gida na farko.

Ya ce, "Kai ɗan makaranta, wa a Tanko?"

Na ce, "Sunan da za ka amsa ne a cikin labarin, Kawu."

"Tsohona ya yanka rago ya ce Ummaru. Kai mi ka yanka wa Tanko?"

Mutanen da ke jiran fito suka fashe da dariya. Ya juya gare su ya ce, "Ku ji hwa. Hoton ga har Kaduna za shi. A ga huskata a ce Tanko? In Gwamna ya tambaya wane na wanga kyakkyawa, a ce mai Ummaru na, mijin Hajo."

Na dubi Malam Ladan, ya ce, "Sa masa sunansa, mu gama kafin rana ta yi."

Na zauna a gindin wata bishiya na bi gida-gida, ina soke Tanko da layi ɗaya ina rubuta Ummaru a sama. Da na iso gida na goma sha ɗaya alƙalamina ya tsaya. Na san ya kamata in tashi in gaya masa cewa a nan zai mutu. Amma yaya yaro kamata zai dubi babba ya ce masa na kashe ka? Na ɗaga kai, na gan shi tsaye a cikin jirgi yana gyara hula yana dariya. Na sunkuya na soke Tanko na rubuta Ummaru. Ban bar ko ɗaya ba.

Hotunan bakin kogi kowa ya ga an ɗauke su. Na rashin lafiya kuwa a wani ɗaki a Goronyo aka yi shi, aka kwantar da shi a tabarma aka lulluɓe shi da bargo, aka ɗiga masa farar ƙasa a fuska, daga mu sai shi. Shi a zatonsa warkewa zai yi a gida na gaba. A hoton mutuwar kuwa babu shi. Bayan kwana biyu muka sami wasu dattawa a Rabah suna zaune a ƙofar gida, muka roƙe su suka ɗaga hannu kamar masu addu'a. A ƙarƙashin wannan hoto na rubuta: "Ummaru mai fito ya rasu. Allah Ya jiƙansa." Addu'ar ni na ƙara ta, don na ga bai dace a ambaci mutuwa a bar ta haka ba.

Na koma makaranta. Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi. Da rani ya yi ruwa ya janye, Ummaru ya jingine jirginsa ya bi masunta kudu, wajen Yawuri, kamar yadda ya saba kowace shekara, da alkawarin dawowa kafin shuka. Ruwan farko ya sauka bai dawo ba. Aka yi shuka, aka yi noman fari, shiru. Abokan tafiyarsa suka ce sun rabu da shi ya ƙara gaba. Ana cikin wannan zullumi takardarmu ta iso daga Zariya, da tambarin gwamnati a samanta. Malamin ajin manya na ƙauyen baƙo ne, bai san yadda aka yi ta ba. Ya liƙa ta a bango ya karanta wa jama'a. Suka ga Ummaru kwance da tabo a fuska a ɗakin da ba su sani ba. Suka ga baƙin dattawa suna addu'a, suka ce mutanen garin da ya mutu ke nan, su suka binne shi. A ranar aka zauna ta'aziyya, matarsa Hajo ta shiga takaba.

Sai da ta yi wata uku labari ya kai kunnen Malam Ladan. Ya je ya yi bayani, yayan Ummaru ya ce takardar gwamnati ba ta ƙarya. Saura wata ɗaya da kwana goma a raba gado, a sayar da jirgin, Hajo ta koma gidansu a matsayin wadda ba ta da miji. Magana ta je gaban alƙali, alƙali ya ce a kawo wanda ya rubuta. Ranar da na iso Wurno hutu, ban ko kwance akwatina ba Malam Ladan ya ɗora ni a bayan kekensa.

Zauren ya cika. Hajo tana can gefe a bakin ƙofa, lulluɓe da tsohon zane, ba kwalli ba lalle. Alƙali tsoho ne mai sanyin murya. Ya buɗe takardar a gabansa ya ce, "Yaro, kai ka rubuta wanga?"

Na ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam." Sai da ya sa na maimaita, don ba a ji ba.

"Ina ka ga gawa tai?"

"Ban gani ba."

"To wa ya hwaɗa maka?"

"Ba kowa. Ƙagawa na yi."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Yayan Ummaru ya yunƙura ya ce, "Allah gafarta Malam, tsoro ya sa shi hakanga. Ina yaro ga zai iya ƙaga takardar gwamnati? Dubi shi hwa, ko magana ba shi iyawa."

Gaskiya ya faɗa, maganar ta ƙi fita. Sai na ciro littafina na miƙa. Duk abin da na rubuta ina sa masa ranar wata, ba na kuma yage shafi. Magatakarda ya karɓa ya karanta a fili: an rubuta mutuwar tun kafin kaka, da sunan Tanko, ga layi a kansa, ga Ummaru a sama. Malam Ladan ya shaida cewa bayan wannan rana Ummaru ya ƙetarar da mu kogi da hannunsa. Alƙali ya daɗe yana duban shafin, sannan ya ce, "Kai kuwa mi yay yi maka, ka kashe shi tun yana raye?" Hawaye kawai nake yi.

Ya yanke hukunci cewa mutuwa ba ta tabbata sai da shaidu, hoto kuwa ba shaida ba ne. Ba za a raba gado ba, ba za a taɓa jirgin ba. Hajo ta fita takaba, aurenta yana nan. Ummaru ya zama wanda ya ɓace, za a jira shi shekara huɗu kamar yadda shari'a ta ce.

Na fito ina jin sauƙi, a zatona na gyara ɓarnata. A bakin ƙofa Hajo ta tare ni. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ɗan makaranta, to yanzu yana raye?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

"Ka san bai mutu ba?"

"Shi ma ban sani ba."

Ta gyara lulluɓinta. Ta ce, "Wata ukku ina kuka nai, har na hwara iya cin tuwo. Takaba tana da ranar hita. Wanga da ka ba ni yanzu, yaushe aka hita shi?" Sai ta ƙara, "Tunda takardarka tana zuwa ko'ina, rubuta mai ya dawo. Ce mai gero ya nuna, ba mai girba."

Wannan shi ne karo na farko da na shiga ofishin Bature da ƙafata ba a kira ni ba. Na tsaya na roƙi a ba ni layi biyu a ƙasan takarda ta gaba. Ya ce takardar koyarwa ba ta cigiya ba ce, Malam Ladan ya sa baki, sannan Baturen ya yarda. Aka kuma aika a janye tsohuwar takardar daga azuzuwa, amma ta riga ta watsu. Kwana biyu na yi ina rubuta layukan nan ina sokewa. Abin da ya fita shi ne: "Ummaru mai fito na bakin Rima, labarin mutuwarsa ƙage ne. Wanda ya gan shi ya ce masa Hajo tana jira." Maganar gero na cire ta, don na san kafin a buga an daɗe da gama girbin.

Duk hutu ina zuwa ƙauyen. Jirgin yana nan a kife a gaɓa, tana sa a shafa masa mai kada ya tsage. In ta hango ni sai ta fito ta ce, "An samu amsa?" In ce a'a. Ta kawo mini hura, ta tambayi karatuna, ba ta taɓa yi mini baƙar magana ba. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Jabba, wani ya ce a Lakwaja, aka bi aka tarar ba shi ba ne. Ban san ko ya taɓa ganin takardar farko a wani bango ba, ya ga an riga an yi masa addu'a. Wannan tunani ya fi kowanne damuna.

Shekara huɗu ta cika ina Kaduna na kama aikin rediyo. Malam Ladan ya rubuto mini cewa alƙali ya kira Hajo ya ce wa'adin jira ya ƙare, ta sake shiga takaba, wannan karo ta cika ta. Ta koma gidansu a Magarya. Ban sake ganinta ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba wawaye ba ne da suka yarda da takardar. Ba su taɓa zaton mutum zai zauna da alƙalami ya rubuta abin da bai faru ba, har ya sa sunan Allah a ciki. Wannan yardar ita muke ci da ita har yau, a rediyo da talabijin. Shi ya sa kuke ganin ba na yarda ɗan wasa ya fito da sunansa na yanka, komai roƙonsa, kuma in zai mutu a wasa nake kiran shi gefe in gaya masa da bakina, in ce ya je ya shaida wa na gida tun kafin a nuna. Kuna yi mini dariya, kuna cewa tsoho ya cika tsantseni. Ku yi. Ku dai kafin ku kashe mutum a takarda, ku tambaya wa ke jiran sa a gida.