Ƙahon da aka yi wa Baba bayan awon jini

Ni mai saurin hawa ne, kowa a gidanmu ya shaida, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba. Shekarar da ya haura saba'in dai saura ƙiris.

Yawan gajiya ya sa na ɗauko shi daga ƙauyenmu na bayan Bakori zuwa wani babban asibiti a Zariya. Aka ɗebi jini, muka koma bayan 'yan makonni. Likita ya yi bayani dalla-dalla. A cikin ɓargo ake yin jini, in ji shi, kuma idan shekaru suka ja, wasu ƙwayoyin da ke haifar da shi sukan sauya hali, su yi ta yaɗuwa fiye da sauran. Ba cuta ba ce tukuna, da yawa sukan ƙare rayuwarsu lafiya lau a haka. Sai dai haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki yakan ƙaru, wani lokaci har sankarar jini. A riƙa awo duk wata shida, a kula da hawan jini.

Baba ya gyaɗa kai. Ashe abu ɗaya ya riƙe: akwai mugun jini a jikinsa. Mugun jini kuwa, a wajenmu, aikin wanzami ne.

Ban sani ba sai lokacin girbin masara, da jiri ya kayar da shi a gona. Muna ɗaga masa riga ya sha iska, na ga gadon bayansa duk tsaga, sabuwa kan tsohuwa. Ashe duk ranar kasuwa sai an kafa masa ƙaho. Raina ya ɓaci matuƙa, amma tsoro ya fi yawa, don leɓɓansa sun yi fari fat.

Na bari ya sha fura, sannan na durƙusa gabansa.

"Baba, ƙaho ba ya kaiwa ɓargo. Abin da aka zuƙe, irinsa zai sake fitowa. Jinin da kake tsayuwa da shi kawai kake zubarwa."

Ya dube ni ya ce, "To mugun jinin fa, me zan yi masa?"

"Awo, da maganin hawan jini. Sai sa ido."

"Tunda na fara riƙe fartanya," in ji shi, "ban taɓa ganin ciyawar wuta-wuta a gonata na wuce ta ba."

Tausayinsa ya kama ni.

Duk da haka, daga ranar bai ƙara zuwa ƙaho ba, kuma har yau yana nomansa. Duk ranar awo, kafin in iso daga Funtuwa, inda nake zaune, sai in tarar da shi zaune bakin titi, ya riga ya naɗe hannun riga.