Wuƙaƙen da Na Kai wa Maƙeri

Na yi shekaru ina tara wuƙaƙen nan masu maɓalli, waɗanda in ka danna sai kaifin ya fito da kansa. A wurin masu tsofaffin kaya na bakin titin Gauraka nake samunsu. Ko lemo ban taɓa yankawa da su ba. Nakan shafa musu mai, in kulle su a akwati, in dawo in sake duba kwaɗon.

Da aka soki wani saurayi a unguwarmu ta Iku, maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci. "Malam, naka duk suna nan kuwa?" Da dariya ya faɗa, amma mutane sun ji.

Washegari na kwashe su na kai wa maƙeri, na roƙe shi ya narkar da su. Ya ce, "An gama, Malam."

Ranar Babbar Sallah sai ga wuƙata mai ƙotar ƙaho, wadda na fi so, a hannun ɗan maƙwabcin nan, yana ta danna ta a gaban abokansa. Ashe sayar da su maƙerin ya yi.

Da suna akwatina, na san inda kowace ta kwana. Yanzu duk faɗan da aka yi a Suleja, sai in bi mutane ina tambayar wace irin wuƙa ce.