Likitan Hanji da Amanar Ƙaninsa

Idan mutum ya damƙa maka amanar abin da zai iya kashe shi, riƙe ta ne gaskiya ko fasa ta? Tambaya ce da ba a samo wa amsa ba. Ga dai rayuwar mutumin da ta faɗo wa.

Haihuwa da Karatu

An haife shi a shekarar 1951, a wani gari na bakin layin dogo, ɗan fari ga wani mai gyaran agogo da matarsa mai ɗinki. Ya shiga makaranta a 1958, ya kammala karatun likita a 1977. A wannan shekarar mahaifinsa ya rasu sakamakon toshewar hanji, bayan ya shafe kwana goma sha ɗaya bai yi bayan gida ba, kunya kuma ta hana shi faɗa wa ko da matarsa. Dalilin da ya sa ya zaɓi fannin ciki da hanji ke nan.

Aure da Aiki

Ya auri wata malamar jinya a 1979. A 1984 aka ba shi ɗaki guda a ƙarshen barandar asibiti, da benci da labule, inda ya riƙa duba masu fama da taurin bayan gida da kumburin ciki. Abokan aiki suka laƙaba masa Likitan Banɗaki, shi kuwa yakan amsa da fara'a. Ƙa'idarsa ita ce ya sallami 'yan rakiya, ya juya kujerarsa ta fuskanci taga, sannan ya yi tambaya, domin ya lura mutum ya fi faɗin gaskiyar cikinsa idan ba a kallon fuskarsa. Shekara goma sha biyu ya yi yana bibiyar direbobi da teloli da masu gadi, yana rubuta yadda matse bayan gida da yawan shan maganin wankin ciki suke yi musu illa. Ba a taɓa jin sirrin wani daga bakinsa ba.

Shekarun Ƙarshe

Ya yi ritaya a 2016. A shekara mai bi, ƙaninsa, direban babbar mota, ya shaida masa yana ganin jini a bayan gidansa. Likitan ya ce lallai a leƙa hanjinsa da siririn bututu mai kyamara.

"Haba Yaya! Da furfurata? Basir ne kawai," in ji direban. "Kuma ka rantse uwar yara ba za ta ji ba."

Ya rantse. Wata goma sha huɗu yana lallashi, ƙanin yana zolayarsa: "Ka huta mana, Yaya, ko a ritayar ma ba za a bar bayan mutane ya sarara ba?" Yana kallon wandon ƙanin nasa yana yi masa yawa, abinci kuma ya daina yi wa direban daɗi.

A farkon 2019 ciwon zuciya ya kwantar da likitan. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya kira matar ƙanin ya faɗa mata komai. Direban ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Sirrin duk duniya ka riƙe, sai nawa?"

"Sai naka," in ji likitan. "Ka yi fushi da ni kana raye."

Direban bai sake taka gidan ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa likitan rasuwa ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2019, yana da shekara sittin da takwas, aka yi jana'izarsa da hantsi. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babbar, malamar lissafi, mai bi mata, injiniyan ruwa, sai mai harhaɗa magunguna, da auta, ɗaliba.

Direban ne ya shiga kabari ya karɓi gawar. Bayan mako biyu, ya wuni bai ci komai ba, ya shanye maganin wankin hanji har ɗigon ƙarshe kamar yadda aka umarta kafin gwajin kyamarar. Washegari matarsa ta raka shi ƙarshen barandar nan ta asibiti. Likitar da ta gaji ɗakin ta ɗaga labule ta kira shi. Ya miƙa wa matarsa hularsa da makullin mota.

"Riƙe mini," ya ce, ya shiga.