Taguwar da Ke Lasar Motoci

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu ta Park Hill, ni da maigidana da mahaifina, gari bai gama wayewa ba, sanyin ƙarshen hunturu yana ratsa ƙashi. Masu bibiyata a nan sun san Baba yana hannuna tun bara da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abin da ban gaya muku ba shi ne ya daina cin abinci. Likita ta hana shi gishiri saboda hawan jini, shi kuwa ya ce bai zo duniya don ya ci lami ba. Loma biyu sai ya ture kwano. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin ayarin raƙuma daga Tanut zuwa Bilma ɗauko gishiri, shi aka ce ya sha miya ba gishiri. A zuwanmu asibiti na ƙarshe likitar ta gaya mini ƙarara cewa in ya ci gaba da ramewa haka, za su kwantar da shi su zura masa robar abinci ta hanci. Na san halin ubana. In aka yi masa haka, ba zai ƙara tashi ba.

Maigidan ne ya kawo shawarar tafiyar. A layin jiran fasinja na filin jirgin saman JFK ya ji 'yan uwansa direbobi suna labarin wani gandun namun daji da ake shiga da mota, dabbobi suna yawo a sake, kai kana zaune kana kallo ta taga. Aka ce har da raƙuma. Ya ce mu kai Baba, ko ganin raƙuman, tsoffin abokan aikinsa, zai buɗe masa zuciya, zuciya kuma ta buɗe ciki. Na ce to, don na riga na gwada duk dabarar da na sani a kicin.

Muka haye gada muka faɗa New Jersey, aka zare mana kuɗin hanya ba tare da an ko ce mana sannu ba. Manyan motoci ta ko'ina, ga warin matatun mai. Motar tamu kuwa abin kunya ce. Duk gishirin da ake watsa wa tituna saboda ƙanƙara ya bushe a jikinta, ta yi fari fat kamar an tsoma ta a garin rogo. Tun makon jiya nake cewa a wanke ta, shi kuwa Bakano, ya ce ruwan sama na nan tafe, kyauta. Mun tsaya a wani wurin hutun matafiya, ya sayo shayi a kofin takarda da tsadar da ta sa ya yi ta juya kofin yana neman inda aka ɓoye naman. Ni na fito da kunun gyaɗa da na damo a fulas. Baba ya kurɓa sau biyu ya miƙo mini, ya mayar da ido kan hannunsa da ke ajiye a cinya.

Sai da muka ratsa jihar muka fita daga cikinta, muka shiga ƙauyuka masu gonaki da dawakai da jajayen rumbuna, sannan muka iso. Ba zan kira sunan wurin ba, ba kuwa don sun cancanci a rufa musu asiri ba. A ƙofa an kafa hoton raƙumin dawa yana murmushi. Kowane kai da kuɗinsa, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Bayan haka a tallata maka ɗan bokitin roba cike da dunƙulen dusa masu kama da kashin awaki. Dokoki biyu aka nanata mana: kada kowa ya fita daga mota, kada a ba dabba komai sai abin da ke cikin bokitinsu. Muka sayi bokiti guda, muka bi layi.

Muna shiga na ji raina ya fara ɓaci. Wurin da aka kira daji ba ko ciyawa ɗaya a cikinsa, taɓo ne da tsakuwa da 'yan itatuwan da aka gwaguye musu ɓawo iya inda baki ya kai. Dabbobin ba yawo suke ba, tare hanya suke. Jakunan dawa, jiminu, shanu masu dogayen ƙaho irin namu na gida, wasu kuma masu dogon wuya kamar an haɗa tunkiya da raƙumi, duk sun yi cincirindo a kan motoci, suna cusa kai ta taga, suna ture juna. Wanda ya taɓa kiwon ko akuya ɗaya ya san dabbar da ta ƙoshi ba ta yin haka. Kwanciya take ta yi tuƙa, ko kallo ba ka ishe ta ba. Waɗannan da sun ji ƙarar bokiti sai su rugo a guje, ƙanana da raunana a bar su a baya. Na ga wata barewa tana ɗingishi tana bin sawun motoci, tana tsintar abin da ya zube a cikin taɓo. Kwamin ruwan da muka wuce ya yi kore shar da gansakuka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutane. A motar gabanmu wani ƙaton mutum yana miƙa wa jakin dawa bokiti, in ya kawo baki sai ya janye, matarsa tana ɗauka a waya, suna ta dariya har da riƙe ciki. A garinmu in yaro ya yi wa jaki haka, duk babban da ke kusa zai ja kunnensa, ba sai ubansa ba. Nan kuwa kuɗi ka biya, har da rasit. Na zuge gilashi zan yi magana, maigidan ya ce in rufa masa asiri, lasisin tuƙinsa ne abincinmu. Na haɗiye maganar. Raƙumin dawan da ke murmushi a ƙofa mun hango shi a cikin wata rumfar kwano, an kulle shi saboda sanyi, yana ta lasar ƙarfen ƙofa.

Duk wannan Baba bai ɗaga kai ba. Har na fara cewa a raina mun yi asarar mai.

A wata kwana muka same ta. Taguwa ce, wato raƙuma mace, ita kaɗai, babu wani raƙumi a kusa. Tozonta ya zube ya kwanta gefe guda kamar buhun da aka juye. Ƙazuwa ta cinye gashin wuyanta, gwiwar gaba ta kumbura. Ita ba ta damu da bokiti ba. Mota take bi tana lasa, daga ƙofa zuwa bayan taya, in an yi mata hon ta matsa ta kama ta gaba. Mutane suna ta ɗaukar hoto, wai raƙumi mai wankin mota. Da ta iso tamu, wadda ta fi ta kowa fari, sai ta tsaya ta duƙufa. Muna jin harshenta yana kartar ƙarfe daidai inda Baba yake zaune.

Sai na ji murya daga baya, irin wadda na manta da ita.

"Buɗe mini tagar nan."

Maigidan ya buɗe. Baba ya gyara zama da kansa, abin da kullum sai an taimaka masa. Ya yi mata irin kiran da suke yi wa raƙuma da harshe. Ba ta gane ba, ina za ta gane, a ƙasar nan aka haife ta, ƙarar bokiti kawai ta sani. Ya kai hannun hagu ya shafa wuyanta, ya ɗaga leɓenta ya duba, ya daɗe yana kallon tozon.

"Ba wanki take ba," ya ce. "Gishiri take nema. Jikinta ne ke roƙo."

Gishirin titi fa, wanda aka gauraya da magunguna, ya sha hayaƙi da baƙin mai. Shi take bi tana lasa a jikin motocin baƙi, su kuma suna tafa mata.

Baba ya cire hularsa. Daga cikin naɗin hular ya zaro wani ɗan ƙulli na leda, ya kwance da haƙori. Jar kanwa ce, dunƙule guda kamar ƙwan zabo, gefe ɗaya ya yi sumul saboda lasa. Na ji kaina ya yi zafi. Wata da watanni ina auna masa abinci, ina karanta bayan kowane gwangwani, na fitar da gishiri da dunƙulen miya daga gidana gaba ɗaya har maigidan yana cin abinci a waje a ɓoye, ashe tsohon nan yana da rumbunsa a ka. Kafin in buɗe baki ya ɗora kanwar a tafin hannu ya miƙa mata. Ya ce ta yi haƙuri da hagu, damar ce ta ƙi. Ta shinshina, ta ɗauke da leɓe, muka ji tana gurgura. Ta lumshe ido. Da ta gama ta lashe masa hannu tas, ta ɗora haɓarta a bakin tagar.

Ba a jima ba sai ga motar ma'aikata, an yi mata zanen jakin dawa, da lasifika a kai. Wata yarinya ta sauko, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta ce an gan mu mun ba dabba abin waje, dole mu bi ta mu fita. Maigidan ya shiga ba da haƙuri da Turancinsa na fasinja. Ni kuwa abin da na haɗiye tun ɗazu ya dawo. Na tambaye ta ko an ba dabbobin nan abinci yau da safe. Ta ce akwai tsari, akwai likitan dabbobi, akwai dutsen gishiri a can baya. Na ce wane bayan, taguwar ta san hanyarsa? Baba ya taɓa kafaɗata ya ce in fassara mata nasa saƙon.

"Tambaye ta, wa ke da taguwar nan? Ya karya kumallo yau?"

Na fassara. Ta ce kamfani ne, ba mutum ɗaya ba.

"To gaya mata, a wurinmu mai raƙumi ba ya sa loma a baki sai raƙuminsa ya ci. In bai iya ba, ya sayar wa wanda zai iya. Ba a ajiye rai don a yi masa dariya."

Yarinyar ta kalli taguwar, ta kalli takalminta. Ta ce ita aikin wucin gadi take, ba ta daɗe da farawa ba, kuma in ba ta fitar da mu ba ita za a fitar. Ban ga laifinta ba. Masu laifin ba sa zuwa inda taɓo yake. Ba zan rantse muku cewa da gangan ake barin dabbobin da yunwa don su bi motoci ba, ban shiga ofishinsu ba. Amma abin da idona ya gani na gani, kuma yana cikin wayata.

Aka rako mu har waje kamar ɓarayi. Hanyar fita ta bi ta gaban shagon tsaraba, an jera raƙuman auduga a taga, kowanne da tozonsa a tsaye cas. Na juye sauran dusar ta taga tun kafin mu kai ƙofa, ko barewar nan za ta samu.

A hanyar dawowa motar ba ta yi shiru ba. Baba, wanda sai ya wuni bai haɗa jimla biyu ba, ya yi ta faɗa har muka shiga New Jersey. Ya zagi mai gandun, ya zagi wanda ya sayar masa da taguwar, ya bayyana yadda ake maganin ƙazuwa, ya ce raƙumi ba ya zama shi kaɗai, kaɗaici ma ciwo ne a gare shi. Maigidan yana ta cewa gaskiya ne Baba, yana satar kallona ta madubi. Da ya tsagaita na ce to yanzu sai mu zo kan maganar kanwa. Bai ko ji kunya ba. Ya ce wani tsoho ɗan Zangon Kumasi ne ya ba shi a masallaci, kuma ita yake ɗan lasa in bakinsa ya gundure shi da ɗaci. Na ce ya san abin da take yi wa jininsa? Ya ce ya sani. Na ce saura nawa a hular? Ya miƙo mini ita in duba. Babu komai, duka ya ba taguwar.

Mun iso Park Hill ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura, kaina yana sarawa. Na ɗumama tuwon jiya da miyar kuka, lami kamar kullum, na ajiye masa a gaba ba tare da na sa rai ba. Na shiga ɗaki na nemi hukumar da ke karɓar ƙorafi kan dabbobi, na tura musu duk abin da na ɗauka. Ban sani ba ko wani zai buɗe.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Wurin da aka ce dabba tana sake, a duba ƙafarta da tozonta kafin a duba hoton ƙofa. In kun je irin wuraren nan kuka ga dabba tana rububin bokiti ko tana lasar mota, kada ku yi dariya, ba wasa take muku ba. Kuma har yanzu ina jin haushin cewa na kai ubana ya yi farin ciki, amma baƙin cikin wata baiwar Allah ne ya tashe shi.

Da na fito daga ɗaki na tarar da kwanon a share, yana suɗe yatsun hagu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, kuma rabon da ya kira ni da wanda yake kirana tun kafin ciwon.

"Uwata, ƙaro mini," ya ce. "Ba daɗi, amma ƙaro. In aka kwantar da ni, wa zai koma ya duba ta?"

Na ɗauki kwanon na nufi kicin. Ina zuba tuwon na ji yana gaya wa maigidan kada ya kuskura ya bar motar nan ba wanki ranar da za mu koma, ba zai yarda ta ƙara lasar dattin titi a jikin motar surukinsa ba.