Sodangi Mai Faci da Furar Amintattu

Duk wanda ya ce maka Sodangi mai facin keke mutum ne mai hikima, to bai taɓa kai masa keke ba. Ni Haulatu na san shi fiye da shekara talatin, tun ina ungozoma a asibitin sha-ka-tafi na Kankiya, shi kuma yana zaune gindin bishiyar bedi a bakin tasha da bahon ruwansa da famfon hura taya. Haifaffen Kusada ne. Ubansa ya so ya gaje shi noma, Sodangi ya ce shi ganin fartanya kaɗai yana tayar masa da ciwon baya. Shekarar da aka samu mulkin kai ya tattara komatsansa ya dawo Kankiya. Faci ɗaya sai ya kwana uku a hannunsa, in ka yi magana ya ce tayar ce ba ta huce ba. Abu biyu ya iya a duniya, gardama da shan fura.

Wajen shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, motoci suka yawaita, ɓarayi ma suka yawaita, kuma yara ɓarayin suka fi tarewa, 'yan talla da masu kiwo. Wani malamin asibiti ya kafa ƙungiyar taimakon yaran da ɓarayi suka cuta. Kafin a yi masa canjin wurin aiki ya naɗa mu amintattu huɗu. Alhaji Sada dillalin gyaɗa shi ne shugaba, Malam Dawuda tsohon malamin firamare shi ke rubutu, ni kuma an ce dole sai da mace. Sodangi kuwa ya shiga ne kawai don a inuwarsa ake taro, kuma ba yadda za a yi ka kori mutum daga gindin bedinsa.

Aikin da ya fi ba mu wuya shi ne na Mairama. Yarinya ce 'yar shekara goma, tana zaune da kakarta Nagoggo a wata ruga kan hanyar Rimaye. Kullum ita ke kawo fura da nono Kankiya, da abin da ta sayar suke awon hatsi, don gwiwoyin Nagoggo sun daina tafiya, mazan gidan kuma sun yi kudu da shanu. Wata rana a cikin wani kwazazzabo da hanyar ta ratsa, ƙatti biyu suka tare ta. Suka fizge 'yan kunnenta har kunne ya tsage, suka fasa ƙwaryar. Ni na wanke ciwon, kuma ya warke. Amma tun daga ranar Mairama ba ta ƙara wuce shingen ƙayar rugarsu ba. In an ce ta ɗauki ƙwarya sai ta shige ɗaki ta ƙi fitowa.

Muka shirya muka tafi, da turmin atamfa da sabon kwano da buhun gero a bayan keken Sodangi. Malam Dawuda ya buɗe littafinsa ya gyara tabarau ya ce, "Inna, faɗa mana asarar da aka yi maku."

Nagoggo ta dube shi kamar ya tambaye ta sunan mijinta. Ta ce, "Asara? Lafiya lau muke, Malam. Ba abin da ya faru."

Ga yarinya a bayanta da tabo a kunne, ga rumbu wayam, amma wai ba abin da ya faru! Tsohuwar Bafilatana ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce ta buɗe baki ta yi kuka gaban baƙi, balle ta karɓi sadaka. Ta sa aka dama mana fura, ta kuma ba mu kaza saboda mu baƙi ne. Washegari ta aiko a mayar mana da kayanmu duka, da ƙoƙon man shanu a kai. Muka sake aikawa, kayan suka sake dawowa da ƙwan zabi a kai. Alhaji Sada ya ce, "Jama'a, mu tsaya haka nan. In muka ƙara taimakon matar nan sau biyu, za mu ƙarasa talauta ta."

Yanzu mutane suna cewa Sodangi ne ya zauna ya yi tunani ya samo dabara. Ƙarya ce, wallahi. Furar Nagoggo ce ta tsaya masa a rai. Ya hau keke shi kaɗai ya koma, saura kamar taku ashirin ya isa shinge ƙaya ta huda masa taya, shi mai faci. Ya zauna a ƙasa yana haki, ya ɗaga murya ya ce, "Mai nono! Ke mai nono!" Kiran ciniki ne, irin wanda take ji kullum a kasuwa. Kafin yarinyar ta tuna tsoro take ji, ta riga ta fito da ƙwarya a ka.

Da yamma ya zo mana yana hura hanci. Ya ce, "Ku masu boko ba ku san mutane ba. Bafilatana tana ƙin kyauta, amma ba ta ƙin mai saye. Gobe a bakin hanya za a yi taro, jibi mu ƙara matsowa kaɗan, har mu jawo ta cikin gari."

Na ce, "Kai dai ka ce fura kake so."

Ya ce, "Haule, wannan kuma tsakanina da Ubangijina."

Haka muka fara. Kullum da hantsi mu shimfiɗa tabarma a bakin hanya, Sodangi ya ƙwala kira, Mairama ta fito. Kowace rana sai mu ja tabarmar gaba, yau gindin bishiyar ƙirya, gobe bakin gonar wani. Matsalar ita ce ƙwaryar. Babba ce, irin wadda ake kai wa kasuwa guda, mu kuwa huɗu ne. Ba halin a zubar, don in Nagoggo ta ji an zubar da nono a ƙasa ba za ta ƙara sayar mana ba. Alhaji ya zo da garwa zai kai wa iyali, Sodangi ya hana. Ya ce mai ƙishirwa ba ya yawo da garwa, yarinya za ta gane tausayinta ake ji. Dole sai a shanye, a gabanta, ana santi.

Wayyo cikina! Sati biyu ban kalli tuwo ba. Alhaji Sada, mutumin da ya je Makka, ya koma sai an kama hannunsa yake tashi daga tabarma. Malam Dawuda yakan fara karanta bayanin taron jiya, kafin ya kai layi na uku fura ta kwantar da shi, littafi a kan fuska. Sodangi kaɗai ke ƙara sheƙi, har wuya ya yi.

Manoma suna ganinmu kullum, manya huɗu da littafi, muna matsawa kaɗan-kaɗan a kan hanya. Lokacin kuwa ba zancen da ake a rediyo sai na man fetur. Sai magana ta bazu har Kusada cewa gwamnati ce ta turo mu neman fetur a ɓoye. Wani bawan Allah ya haƙa rami mai zurfin tsayin mutum biyu daidai inda Malam Dawuda ya yi barci, wai ya ga ya daɗe da kunne a ƙasa. Sodangi bai ƙaryata ba. In an tambaye shi sai ya ce an hana su magana.

Muna ta wannan shirme har muka iso kwazazzabon. Muka tsallaka muka shimfiɗa a ɗaya gefen. Sodangi ya yi kira. Mairama ta zo har baki ta tsaya, ta dubi ƙasa, ta juya da gudu nono yana zuba mata a wuya. Washegari haka, jibi ma haka. Dariya ta ƙare mana. Ni dai na yi kuka a ranar ta uku, don na san rumbun nan, kuma na san ba za mu shekara muna shan fura a bakin hanya ba.

Rana ta huɗu Sodangi ya ce mu zauna a sama. Ya gangara cikin kwazazzabon shi kaɗai, ya kwanta rigingine a kan yashi, dattijo da furfura a gemu, ya shiga kururuwa. "Wayyo ƙishirwa! Jama'a Sodangi zai mutu! A gaya wa mutanen Kusada na yafe masu! Wanda kekensa ke wurina ya yi haƙuri!" Alhaji ya rufe fuska da hannun riga don kunya.

Mairama ta daɗe tsaye. Ina hango ƙwaryar tana rawa a kanta. Can sai ta sa ƙafa, ta gangara a hankali, ta durƙusa kusa da shi ta sauke. Muna jin muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Baffa, nan ne suka fasa mini ƙwarya."

Ya tashi zaune ya ce, "Na sani, ɗiyata. Dama mini, kada ki cika ruwa."

Ta dama ta miƙa masa. Ya sha, ya ce a ƙara. Ya yi ta sha yana tsegumin furar har ta saki jiki, sannan ya ce ta kai wa sauran tsofaffin can sama kafin su mutu su ma.

Bayan kwana shida muna zaune dab da shiga gari, mun shirya cikinmu, sai ga ta tafe cikin 'yan matan ruga huɗu, suna hira. Sodangi ya gyara zama ya ce, "Mai nono!"

Ta ɗan rusuna ba ta sauke ba. Ta ce, "Ina kwana, Baffa. Na yau na kasuwa ne, masu sayena suna jira." Ta wuce abinta.

Sodangi ya miƙe yana faɗa. "Kun gani? An kore mu! Wata guda muna ciniki, yau ko ɗanɗane babu! Yaran zamani ba su da alkawari!" Yana ta masifa yana bin bayanta da kallo, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Bai zauna ba sai da ƙwaryar ta shige cikin mutane muka daina ganinta.